Kwaɗon Ɗakin Inna

UMMULKHAIRI: Alo? Alo! Awwalu, ni fa ban ji kowa ba, sai wani ƙugi kamar iska a tulu. Au, ta nan ake magana? To ai da sai ka faɗa tun farko. Alo! Salamu alaikum!

MUKHTARU: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

UMMULKHAIRI: Jidda ce?

MUKHTARU: Aiwa, Jidda ce. Wa ake nema?

UMMULKHAIRI: Mukhtaru nake nema, ɗan marigayi Malam Rabi'u, direban nan da ke ɗaukar kaya a tashar jirgin ruwa.

MUKHTARU: Ni ne. La! Gwaggo? Gwaggo Ummulkhairi?

UMMULKHAIRI: Kai ɗan nan, muryarka ce ta koma haka? Kamar kana cikin rijiya.

MUKHTARU: Layin ne, Gwaggo. Kuma ba sai kin ɗaga murya ba, ina jin ki. Ina wuni?

UMMULKHAIRI: Lafiya lau. Ina gajiya?

MUKHTARU: Ba gajiya. Yaya Makka? Yaya zafi?

UMMULKHAIRI: Zafi kam sai godiyar Allah. Yaya naku na Jidda, da wannan gumi naku mai danƙo?

MUKHTARU: Muna fama. Yaya ƙafar taki?

UMMULKHAIRI: Tana nan, ita da ni ba mai barin wani. Yaya Ramlatu? Yaya nauyin jiki?

MUKHTARU: Alhamdu lillahi. Watanta ya kama, jira kawai muke yi.

UMMULKHAIRI: Allah ya raba lafiya.

MUKHTARU: Amin, amin.

UMMULKHAIRI: Yaya yara? Yaya aiki?

MUKHTARU: Duk ƙalau. Aiki ne dai ya yi yawa, jiragen alhazai sun fara shigowa. Yaya tsofaffin rubaɗi, gidan sadakar nan da kike kula da shi? Suna dai ba ki wahala ko?

UMMULKHAIRI: Suna nan lafiya. Suna gaishe ka.

MUKHTARU: Ina amsawa. Gwaggo, daga ina kike magana? Ni dai a sanina ba ki taɓa riƙe tarho ba.

UMMULKHAIRI: Daga kantin Awwalu, nan bakin titin Mansur. Shi ya kira mini santaral ɗin, mai haɗa layi.

MUKHTARU: Ki gaishe shi. To Inna fa? Yaya jikinta?

UMMULKHAIRI: Innarka lafiyarta lau. Yau ma ta sha kunu sosai. Tarin ma ya yi sauƙi.

MUKHTARU: Wane tari?

UMMULKHAIRI: Na'am?

MUKHTARU: Na ce wane tari? Da na zo wancan karon ba ta tari.

UMMULKHAIRI: A'a, ai na hayaƙin ne. Daktor ya ce zai wuce.

MUKHTARU: Hayaƙi? Daktor? Gwaggo, me ya faru?

UMMULKHAIRI: To ka kwantar da hankalinka tukuna. Ba wanda ya mutu. Gobara aka yi.

MUKHTARU: Gobe me?

UMMULKHAIRI: Gobara!

MUKHTARU: Gobe da rana za ki zo? Layin yana yankewa.

UMMULKHAIRI: Wuta! Wuta ta tashi a rubaɗi! Awwalu, wannan abu naka kurma ne?

MUKHTARU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaushe?

UMMULKHAIRI: Shekaranjiya da hantsi.

MUKHTARU: Shekaranjiya? Shi ne sai yau? Kuma muka tsaya kina tambayata gumi da yara?

UMMULKHAIRI: To so kake in faɗo maka ba sallama kamar mahaukaciya? Jiya na zo nan na zauna har ƙafata ta kumbura, santaral ya ce layin Jidda a cike yake.

MUKHTARU: Ɗayyib, ɗayyib. Inna ta ƙone?

UMMULKHAIRI: Wuta ba ta taɓa ta ba. Ɗakin Rabi'atu ne ya kama, makauniyar nan da ke maƙwabtaka da ita.

MUKHTARU: Na gane ta. Mai shan shayi kamar ruwa.

UMMULKHAIRI: Shayin ne ya ja mana. Ta kunna dafur a cikin ɗaki, wannan rishon nata mai famfo, sai ta ji wutar tana ja baya. Maimakon ta kashe, sai ta ɗauko kwalbar kananzir tana lalube wai za ta ƙara. Ya zube mata a tabarma. Kafin ta ce wayyo labule ya kama, katifar auduga ta kama. Ita dai ta rarrafo waje, hannayenta duka biyu sun saluɓe. To ka san bangon da ke tsakaninta da Innarka katako ne, kuma bai kai rufi ba. Duk hayaƙin ta sama ya bi ya zuba mata.

MUKHTARU: Ya Satir! To ba sai ta fito ba?

UMMULKHAIRI: Ta fito ta ina, Mukhtaru?

MUKHTARU: Ta ƙofa mana.

UMMULKHAIRI: Wace ƙofar? Wadda ka maƙala wa kwaɗo da hannunka?

MUKHTARU: Ke kina ina? Makullin ai yana wurinki!

UMMULKHAIRI: Yana wurina kuwa, ɗaure a bakin zanena. Ni kuma ina kasuwa ina sayo musu cefane.

MUKHTARU: Kika tafi kasuwa da makulli? Haba Gwaggo!

UMMULKHAIRI: Kada ka haba ni. Wa zan bar wa? Makauniya, ko wadda ɓarin jikinta ya shanye a saman bene? Masu ƙafa a cikinsu kai da bakinka ka ce kada in ba su, wai tausayi zai sa su buɗe mata. Ko ba ka faɗa ba?

MUKHTARU: Na faɗa, amma ban ce ki...

UMMULKHAIRI: Ka faɗa. Kana tsaye a tsakar gida kana gwada mini yadda ake murɗa shi, kana cewa wannan ko ɓarawo ya gan shi sai ya juya.

MUKHTARU: To wa ya fito da ita?

UMMULKHAIRI: Dawuda mai tsire, na bakin lungu. Ihun tsofaffin ya ji, ya bar nama a kan wuta ya shigo da gudu. Ya je gangar ruwa, wayam, mai ruwa bai kawo ba tukuna. Sai maƙwabta ne suka yi ta miƙo tulu ta katanga. Shi kuma ya ji ana bugun ƙofa daga ciki, ya ga kwaɗo, ya ɗauko taɓarya. Ya buga, ya buga, kwaɗon nan ko gezau. Da gaskiyarka, mai kyau ka saya. Sai da ya farfasa katakon ƙofar, ƙarfen ya fita da kusoshinsa, sannan ya samu shiga.

MUKHTARU: Allah ya saka wa Dawuda da alheri. Yaya ya same ta?

UMMULKHAIRI: A bayan ƙofa, a durƙushe.

MUKHTARU: A sume?

UMMULKHAIRI: Ba ta suma ba. Da ma ta suma, da ya fi mata sauƙi. Na dawo na tarar an shimfiɗe ta a zaure ana yi mata fifita. Na kama hannunta zan duba ko ta ƙone, sai na ga jini. Faratanta ne, Mukhtaru. Ƙofar ta yi ta karta.

MUKHTARU: Alo?

UMMULKHAIRI: Ina jin ka.

MUKHTARU: Me kika ce? Faranti?

UMMULKHAIRI: Ka ji abin da na ce. Wannan karon ba layi ba ne.

MUKHTARU: La haula wa la ƙuwwata illa billah. Gwaggo, ni abin da ban gane ba, me ya sa ake barin makauniya da wuta a ɗaki? Ba akwai madafa a gidan ba?

UMMULKHAIRI: Akwai, a can saman soro. Wace tsohuwa ce za ta hau wannan matakala don ta dafa shayi? Ni kaina sai na huta a hanya. Tun bara nake gaya wa wakilin waƙafin gidan a yi mana 'yar rumfa a tsakar gida a riƙa girki a nan. Kullum insha Allahu. Yanzu ma yana Ɗa'ifa yana shan iska, na aika masa, ko amsa babu.

MUKHTARU: To ki kwashe dafur ɗin duka ki kulle a ɗakinki.

UMMULKHAIRI: Kai komai kullewa! Na kwashe ai. Yau da safe na shiga shara, na tsinci ɗaya a ƙarƙashin gadon wata, an lulluɓe shi da sallaya. Rabi'atu kanta, da hannaye a naɗe kamar gammo, tana kuka wai na raba ta da abin shayinta, gara in kashe ta. Tsofaffi sun fi goma, ni kaɗai. In ina kallon wannan, waccan na kunna ashana.

MUKHTARU: Ma'alesh, Gwaggo. Wallahi na san kina ƙoƙari. Yanzu dai abin da za a yi, ki samu kafinta ya gyara ƙofar. Kwaɗon ai bai lalace ba ko?

UMMULKHAIRI: Ban gane ba.

MUKHTARU: Na ce a gyara ƙofa a mayar da shi. Sai dai yanzu in za ki fita, ki bar wa Dawuda makullin.

UMMULKHAIRI: Awwalu, zo ka duba mini wannan abu, ina jin ya lalace. Wai a mayar da kwaɗo nake ji.

MUKHTARU: Gwaggo, ki saurare ni.

UMMULKHAIRI: Kai za ka saurare ni. Jiya da yamma mutumin baladiyya ya zo, mai duba gidaje, shi da daktor. Ya zagaya ko'ina, har ban ɗaki ya leƙa. Da ya zo ƙofar Innarka ya ga kwaɗo yana reto a jikin fasasshen katako, sai ya sa sandarsa ya ɗaga shi, ya juyo ya ce mini, ya Hajja, me ake ajiyewa a nan, akuya ko mutum? A gaban maƙwabta, a gaban Dawuda. Ni da furfurata na rasa inda zan sa fuskata.

MUKHTARU: Ba ki gaya masa ba ta cikin hankalinta ba?

UMMULKHAIRI: Na gaya masa. Ya ce wanda ba ya cikin hankalinsa shi ya fi buƙatar ƙofa a buɗe, don ba zai san yadda zai ceci kansa ba. Ya ce daga yau ba a rufe kowa ta waje. Ba girki a ɗaki. Ganga kullum a cike, da bokitin yashi a gindin matakala. Mai shanyewar jikin nan kuma a sauko da ita ƙasa, don da wutar ta hau sama, wa zai ɗauko ta?

MUKHTARU: Shi faɗa kawai ya iya. Shi zai zauna ya yi gadinta?

UMMULKHAIRI: Ban tambaye shi ba. Abin da ya ce dai, zai dawo ba tare da sanarwa ba. In ya sake ganin kwaɗo a ƙofar da mutum ke ciki, zai rufe rubaɗin gaba ɗaya. To ka gaya mini, matan nan ina za su? Wasu tun kafin a haife ka suka tako daga ƙasar Hausa, mazansu sun mutu a hanya, ba ɗa ba jika. In bar su a titi saboda kwaɗonka?

MUKHTARU: Kwaɗona, kwaɗona! Sai ka ce don mugunta na saya. Gwaggo, kin manta ranar da aka tsinto ta a hanyar Mina? Ba takalmi, ba mayafi, rana tsaka, tafin ƙafarta duk ya tashi? Da masu raƙuma ba su gan ta ba, da gawa za a kawo mana.

UMMULKHAIRI: Ni zan manta? Wa ya yi ta shafa mata man zaitun a ƙafar har ta warke?

MUKHTARU: To! Kuma wancan lokacin ma da sauƙi. Yanzu fa? Tun da aka fara rushe gidajen gefen Harami, manyan motoci ke ta zirga-zirga da duwatsu. Ni direba ne, na san yadda suke gudu. Lungunan da ta sani duk babu su. Ta fita ta nufi Harami, ta tarar da fili da ƙura, ta ina za ta gane hanyar dawowa?

UMMULKHAIRI: Duk na san wannan.

MUKHTARU: To in kin sani, me kike so in yi? In an rufe ta wuta, in an buɗe ta mota!

UMMULKHAIRI: Kada ka yi mini tsawa, ni ƙanwar ubanka ce.

MUKHTARU: Ki yi haƙuri. Ba da ke nake ba. To a rufe ƙofar gida ta waje kawai, ita ta yi yawonta a tsakar gida.

UMMULKHAIRI: Madalla! Maimakon mutum ɗaya ya ƙone, sai mu ƙone duka. Ai na tambayi mutumin, dariya ma ya yi mini.

MUKHTARU: A sa sakata ta ciki, can sama inda hannunta ba zai kai ba.

UMMULKHAIRI: Inda hannunta bai kai ba, hannun wa zai kai? Duk gidan ita ce mai tsawo. Sauran duk sun ranƙwafa.

SANTARAL: Makka, Jidda, kun gama? Akwai masu jira.

MUKHTARU: Lissa, lissa! Ba mu gama ba, ya shekh, ka bar mana layi!

UMMULKHAIRI: Wane ne kuma wannan ya shigo mana zance?

MUKHTARU: Santaral ne, Gwaggo, yi sauri.

UMMULKHAIRI: Au, duk abin da muke faɗa yana ji? To ya ji. Mukhtaru, magana ɗaya ce ta kawo ni. Innarka ba ƙofa take buƙata ba, mutum take buƙata. Wanda zai zauna da ita, in ta miƙe ya miƙe, in ta ce Harami ya riƙe hannunta ya kai ta ya dawo da ita. Ko ka zo ka ɗauke ta, ko ka kawo wanda zai zauna.

MUKHTARU: In ɗauke ta in kai ina? Ba mun gwada ba bara? Tun daga Bahra, a rabin hanya, take kuka a mota. Muka iso ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta zauna a bakin ƙofa da ƙullin kayanta, wai ita ba ta tako daga Kano har nan don ta mutu a bakin teku ba. Ke kika ce in maido ta kafin ta mutu a hannuna.

UMMULKHAIRI: Na faɗa.

MUKHTARU: Kuma ɗaki ɗaya ne da mu, a saman bene, taga ba ƙarfe. Nan in ta fita ba Mina za ta nufa ba, teku ce a gabanta.

UMMULKHAIRI: To Ramlatu ta zo nan ta haihu. Ɗakin Innarka zai ɗauke su.

MUKHTARU: Mace da cikin wata tara ta bi tsohuwa da gudu a lungu? Yaran kuma wa zai riƙe su?

UMMULKHAIRI: To kai ka zo.

MUKHTARU: Yanzu? Da alhazai na sauka? Yanzu haka mota na can a buɗe ana loda mata kaya, maigidana yana tsaye a kaina yana nuna mini agogo. In na ce zan tafi Makka in zauna, kafin in kai ƙofa ya ba wani motar. Ki bari a gama aikin Hajji, wallahi ranar da aka sauko daga Mina...

UMMULKHAIRI: Bayan Hajji! Wakili insha Allahu, kai bayan Hajji. Wutar ma sai ku gaya mata ta jira bayan Hajji.

MUKHTARU: To asibiti fa? Daktor bai ce za su karɓe ta ba?

UMMULKHAIRI: Ya ce asibiti na marasa lafiya ne, ita tsufa ne. Kuma ko sun karɓa, wa zai zauna da ita a can? Ba ta jin Larabci yanzu, duk ya zube mata, sai Hausa. Ko ruwa ta nema ba mai ganewa.

MUKHTARU: A cikin maƙwabta fa? Ba wata mace mai ƙarfi da za ta riƙa zama da ita?

UMMULKHAIRI: Na bi gida-gida. Kowa ya shirya tafiya Mina, masu wanki, masu tuwo, masu ɗaukar kaya. Lokacin nan ko gurgu ba ya zama a gida.

MUKHTARU: To ni yanzu yaya zan yi? Gaya mini, yaya zan yi?

UMMULKHAIRI: Da na sani da ban zo na tsaya ina ihu cikin ƙarfe a gaban maza ba. Ni dai abin da na sani, hannuna ba zai sake murɗa makullin nan ba. Ko mutumin baladiyya bai zo ba, ba zan sake ba. Kai ba ka ga ƙofar ta ciki ba. Ni na gani.

MUKHTARU: Ko na ɗan lokaci, Gwaggo. Lokacin da za ki kasuwa kawai.

UMMULKHAIRI: Shekaranjiya ma kasuwa kawai na je.

MUKHTARU: To tun ranar yaya kike yi da ita?

UMMULKHAIRI: A ɗakina take kwana. In zan yi salla in zaunar da ita a gabana. In zan kewaya in tafi da ita.

MUKHTARU: Tsaya. Yanzu da kike nan kantin Awwalu, wa ke tare da ita? Gwaggo! Ƙofa a fashe, ke kina Mansur! Wa kika bar wa ita?

UMMULKHAIRI: Ka daina ihu, za ka fasa mini kunne. Ga ta nan.

MUKHTARU: Ina?

UMMULKHAIRI: Nan gefena, a kan buhun shinkafa. Na ƙulle bakin mayafina da nata. Haka muka tako tun daga unguwarmu Tandabawi, ni da gurguwar ƙafa, ita tana ja na wai ba nan ce hanyar Harami ba. Duk wanda muka wuce sai ya waiwayo.

MUKHTARU: Tana nan? Tun ɗazu tana jin mu?

UMMULKHAIRI: Tana nan tana cin dabinon da Awwalu ya ba ta. Ji kuwa, Allah kaɗai ya san abin da take ji.

MUKHTARU: Ba ni ita.

UMMULKHAIRI: Ba za ta gane abin ba. Ni ma da ƙyar.

MUKHTARU: Don Allah, Gwaggo. Ki riƙe mata a kunne kawai.

UMMULKHAIRI: To. Yaya Shatu, taso. Taso a hankali, kada ki taka mayafin. A'a, ba da hannu ba, hannunki da ciwo, ni zan riƙe. Ga wani zai gaishe ki. Yi magana a nan.

MUKHTARU: Inna? Inna, ina wuni?

SHATU: Wa ke nan ciki?

MUKHTARU: Ni ne, Inna. Yaya jikin? Yaya tarin?

SHATU: Ummu, akwai mutum a cikin abin nan. Bawan Allah, kai ma rufe ka aka yi?

MUKHTARU: A'a Inna, ni ne, daga Jidda nake magana.

SHATU: Jidda? Kana Jidda?

MUKHTARU: Eh, Inna.

SHATU: Alhamdu lillahi. To ka san yaron nan nawa? Dogo, mai tuƙa mota. Kowa ya san shi a can.

MUKHTARU: Inna, ai ni ne...

SHATU: In ka gan shi, don girman Allah ka ba shi saƙo. Ka ce masa wani ya zo ya sa mini kwaɗo a ƙofa. Na yi ta kira, na yi ta kira, ba wanda ya zo. Ban san me na yi wa mutumin ba.

MUKHTARU: Inna...

SHATU: Ka gaya masa a hankali, kada ransa ya ɓaci, yana da zuciya. Shi bai sani ba ne. Da ya sani, da ba zai taɓa yarda ba.

MUKHTARU: Zan... zan gaya masa, Inna.

SHATU: Allah ya yi maka albarka. Ummu, karɓi abinki, mu tafi, za a yi la'asar ba mu.

MUKHTARU: Gwaggo? Gwaggo, kina ji na? Kada a mayar. Kin ji? Ki jefar da shi. Zan yi wa maigidan magana yanzu, ko me zai ce ya ce, zan shigo motar...

UMMULKHAIRI: Alo? Me ka ce? Tsaya, Yaya Shatu, kada ki ja ni, za ki kayar da ni! Mukhtaru, ɗaga murya, ƙugin nan ya dawo. A mayar da me?

MUKHTARU: Na ce KADA a mayar!

UMMULKHAIRI: A mayar? Har yanzu kana kan bakanka? Bayan abin da ka ji da kunnenka?

MUKHTARU: A'a! Gwaggo, ba haka na ce ba! Na ce...

SANTARAL: Halas, lokaci ya ƙare. Jidda, sauka daga layi.

MUKHTARU: Minti ɗaya, ya shekh, don Allah, kalma ɗaya zan faɗa mata! Gwaggo! Alo? Santaral, maido mini Makka! Alo! Alo!